Wa Ya Zo, Wa Bai Zo Ba? Yadda A Ke Haɗa Tambayoyi A Kan Ajiyar Kwamfuta

Jama'ar wannan kwaleji, malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayani a kan wani aiki na kwamfuta wanda ba a cika maganarsa ba, ko da ya ke haƙƙin mutane da yawa yana rataye a kansa. Kowa ya sani yanzu makarantu da yawa sun bar dogara ga manyan littattafan takarda kaɗai. Sunayen ɗalibai, da makin jarrabawa, da lissafin kuɗin makaranta, da albashin ma'aikata, duk sun koma cikin kwamfuta. Abin da ke cikin kwamfuta kuwa yana iya salwanta farat ɗaya. Faifan ajiya ya kan lalace, wuta ta kan ƙone na'ura, ɓarawo ya kan ɗauke ta, wani kuma ya kan goge abu bisa kuskure. Ku duba halin ɗalibin da ya yi shekara uku yana karatu, ranar karɓar takardar shaida a ce masa ba a ga makinsa ba.

Saboda haka a kan sa kwamfuta ta riƙa yin kwafin abin da ke cikinta ko wane dare, ta ajiye shi a wani wuri dabam. Wannan shi zan kira kwafin ko-ta-kwana. Hausawa sun ce don tuwon gobe a ke wanke tukunya. To, amma in gari ya waye, ta ƙaƙa mai kula da kwamfuta zai san kwafin daren jiya ya yiwu? Tilas ya tambayi kwamfutar. Tambaya ɗaya kuwa ba ta isa, gama labarin yana warwatse cikin littattafai dabam-dabam, ko wane ya san wani abu, ya jahilci wani. Sai an haɗa su. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun riga mun san tushen dabarar, tun da ya ke ko wace safiya muna kiran suna a aji.

Rumbu, da jadawali, da tambaya

Bari mu fara da ma'anar kalmomi uku. Rumbun bayanai shi ne wurin da a ke tara bayanan da suka shafi abu guda cikin tsari. Makaranta tana iya samun rumbu na ɗalibai, da na jarrabawa, da na albashi, da na laburare, dukansu cikin babbar kwamfuta ɗaya. A cikin ko wane rumbu akwai jadawali da yawa. Jadawali kamar shafin rajista ya ke: yana da layuka a kwance, ko wane layi na mutum guda ko abu guda, yana kuma da gidaje a tsaye, gidan suna, gidan lamba, gidan kwanan wata, da sauransu. Tambaya kuwa ita ce umurnin da a ke rubuta wa rumbu, a ce masa ya fito da layuka kaza daga jadawali kaza.

Wanda ya kawo wannan tsari wani masanin lissafi ne haifaffen Ingila, Edgar Codd, sa'ad da ya ke aiki a kamfanin IBM a Amurka. A shekarar 1970 ya fitar da takarda ya nuna cewa ya fi kyau a rarraba bayanai cikin ƙananan jadawali, ko wane da sha'aninsa, sa'an nan a riƙa haɗa su lokacin tambaya. A shekarar 1974 waɗansu ma'aikata biyu na kamfanin, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka tsara harshen yin irin waɗannan tambayoyi. Shi ne ya zama SQL, wanda aka daidaita ƙa'idodinsa a Amurka a 1986. Har yanzu da shi a ke tambayar yawancin rumbunan bankuna da asibitoci da makarantu.

Akwai manhajoji da yawa masu jin wannan harshe. Zan ɗauki ɗaya in yi misali da ita, watau SQL Server ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1989. Sunayen jadawali sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma dabarar ɗaya ce.

Kwafi iri uku da wakili mai yin su

A wannan manhaja kwafi iri uku ne aka fi yi. Na farko cikakken kwafi, wanda ya ke ɗaukar rumbu ɗungum. Na biyu kwafin bambanci, wanda ya ke ɗaukar abin da ya sake tun daga cikakken kwafi na ƙarshe. Na uku kwafin kundin canji. Ko wane rumbu yana da kundi inda ya ke rubuta duk canjin da aka yi masa bi da bi, in ana kwafin wannan kundi a kai a kai, ana iya maido da rumbu zuwa yadda ya ke a wani minti da aka zaɓa. Kwamfuta tana yi wa ukun nan alama da haruffa: D cikakke, I na bambanci, L na kundi.

Ba mutum ne ya ke kwana yana danna maɓalli ba. Akwai wani sashe na manhajar da a ke kira Agent, mu ce da shi wakili. A kan rubuta masa ayyuka da lokacinsu, a ce ko wane dare ƙarfe ɗaya ka yi kwafin rumbu kaza, ka kai shi wuri kaza. Aiki guda yana iya ƙunsar matakai da yawa. Wakili ya kan yi su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya auku.

Littattafai huɗu

Labarin daren jiya yana cikin littattafai huɗu. Ku lura da abin da ko wane ya sani, da abin da bai sani ba, gama nan ne gindin maganar.

Na farko sunansa sys.databases. Shi ne rajistar aji. Yana ɗauke da sunan ko wane rumbu da ke cikin kwamfutar, amma ba ya faɗin ko an yi masa kwafi.

Na biyu sunansa backupset, yana cikin wani rumbu na manhajar kanta da a ke kira msdb. Duk sa'ad da aka gama kwafi lafiya, sai a ƙara masa layi: sunan rumbu, irin kwafin, lokacin farawa, lokacin gamawa, da girmansa. Amma kwafin da ya faɗi a hanya ba ya samun layi a nan ko kaɗan. Littafin waɗanda suka zo ne kawai.

Na uku sunansa backupmediafamily. Shi ya san inda aka ajiye ko wane kwafi, watau sunan faifai da sunan fayil. Ba ya ambaton sunan rumbu. Abin da ya haɗa shi da na biyu wata lamba ce da su duka biyu su ke ɗauke da ita, media_set_id.

Na huɗu shi ne littafin wakili, kashi biyu ne. A sysjobs akwai sunayen ayyuka, da alamar ko aiki yana kunne ko an kashe shi. A sysjobhistory akwai tarihin ko wane gudu, da lamba mai nuna yadda ya ƙare: 0 ya faɗi, 1 ya yi nasara, 2 ana sake gwadawa, 3 an soke shi, 4 yana cikin tafiya. A nan ne kuma a ke samun saƙon da ya faɗi dalilin faɗuwa. Amma wakili ayyuka ya sani, bai damu da ko an manta da wani rumbu ba.

Kun ga ke nan, wanda ya buɗe littafi na biyu kaɗai zai ga nasara tsantsa, ya tafi da murna. Wanda ya buɗe na huɗu kaɗai zai ga abin da wakili ya gwada, ba zai ga abin da ba a taɓa sa shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haɗi na farko: gefe da gefe

Hanya ta farko ta haɗa jadawali biyu ita ce a jera su gefe da gefe, a daidaita layi da layi bisa ga wani gida da suka yi tarayya a kai. A harshen SQL kalmar wannan ita ce JOIN. Haka malami ya ke yi in yana da takardar makin Lissafi da takardar makin Turanci. Ya kan bi lambar ko wane yaro, ya kawo makinsa biyu kan layi ɗaya. Ta haka, in muka haɗa littafi na biyu da na uku bisa lambar nan tasu, sai mu sami layi guda mai cewa: rumbu kaza, an gama kwafinsa ƙarfe kaza, yana ajiye a wuri kaza.

Amma haɗin gefe da gefe iri biyu ne, bambancinsu kuwa babba ne ƙwarai. Na farko, INNER JOIN, yana fito da layukan da suka sami abokan haɗi a ɓangarorin biyu, ya watsar da sauran bai ce komai ba. Na biyu, LEFT JOIN, yana riƙe ko wane layi na jadawalin da aka fara ambata, ko ya sami aboki ko bai samu ba. Inda bai samu ba sai ya bar gidan fanko, ya rubuta NULL, watau babu.

A ce malami ya shiga aji ya ce duk wanda ya zo ya rubuta sunansa a takarda. Zai sami sunaye talatin da bakwai, dukansu na gaskiya, amma takardar ba za ta gaya masa yara uku suna gida ba. Shi ya sa aka koya mana mu buɗe rajista mu kira suna ɗaya-ɗaya. Yaron da aka kira aka ji shiru, shirun nan shi ne labari. LEFT JOIN kiran suna ne. A fara da rajista, sa'an nan a nemi kwafin ko wane rumbu. Ga yadda a ke rubuta shi:

SELECT d.name, MAX(b.backup_finish_date)
FROM sys.databases d
LEFT JOIN msdb.dbo.backupset b
ON b.database_name = d.name AND b.type = 'D'
WHERE d.name <> 'tempdb'
GROUP BY d.name

Kada baƙin haruffan nan su ba kowa tsoro. Layi na farko yana cewa, ba ni sunan rumbu da lokacin da ya fi kusa na gama kwafinsa. Na biyu, fara daga rajista. Na uku da na huɗu, ka nemo wa ko wane suna layukansa a littafin kwafi, cikakken kwafi kaɗai, in ba ka samu ba kada ka jefar da sunan. Na biyar, ka tsallake tempdb, gama shi rumbun aikin wucin gadi ne, a kan sake gina shi duk sa'ad da manhajar ta tashi, ba a kuwa yi masa kwafi. Na shida, ka tattara layukan ko wane rumbu su zama layi guda.

A ce yau 6 ga wata, a wata makaranta mai rumbu huɗu, amsa ta fito haka:

Ɗalibai: 6 ga wata, ƙarfe 1.20 na dare
Jarrabawa: 6 ga wata, ƙarfe 1.35 na dare
Laburare: 22 ga watan jiya, ƙarfe 1.50 na dare
Albashi: babu

Biyu na sama lafiya lau. Na uku ya yi mako biyu ba a yi masa kwafi ba. Na huɗu kuwa ba a sami shaidar an taɓa yi masa ba sam. Watakila sabon rumbu ne da aka buɗe, aka manta ba a gaya wa wakili ba. Da an yi wannan tambaya da INNER JOIN, da sunan Albashi bai fito ba, da mai kula ya ga layuka uku ya ɗauka su ke nan.

Haɗi na biyu: ɗori

Yanzu mun san wanda bai zo ba, saura mu san dalili. Dalili yana littafin wakili. Sai dai a nan akwai wahala: babu wata lamba da ta haɗa littafin wakili da littafin kwafi kai tsaye. Ɗaya yana magana da sunan aiki, ɗaya da sunan rumbu, aiki guda kuma yana iya yi wa rumbu goma kwafi. Tun da ba su jeruwa gefe da gefe cikin sauƙi, sai a ɗora amsar ɗaya a kan ta ɗaya, kamar yadda a ke ɗora takardar Aji Ɗaya A a kan ta Aji Ɗaya B a sami jeri guda mai tsawo. Kalmar wannan ita ce UNION.

A kan rubuta tambaya ta farko ta fito da kwafin da aka gama cikin awa ashirin da huɗu da suka wuce, da gidaje huɗu: suna, lokaci, sakamako, bayani. A gidan sakamako a sa ta rubuta "Ya yi". Tambaya ta biyu ta haɗa sysjobs da sysjobhistory bisa lambar aiki, ta fito da matakan da lambarsu 0 ce ko 3, ta rubuta "Ya faɗi" ko "An soke", ta sa saƙon wakili a gidan bayani. Tambaya ta uku ita ce kiran sunan nan da muka yi, ta fito da rumbunan da kwafinsu ya tsufa ko babu shi, ta rubuta "Ba a yi ba". In aka ɗora ukun, sai a sami rahoto guda mai faɗin abin da ya yiwu, da abin da aka gwada ya ƙi, da abin da ba a ko gwada ba.

Ɗori yana da ƙa'idodi. Dole ko wace tambaya ta zo da yawan gidaje ɗaya, a jere iri ɗaya, kuma abin da ke cikin gidajen ya dace: kwanan wata a ƙarƙashin kwanan wata, rubutu a ƙarƙashin rubutu. Sunayen gidaje daga tambaya ta farko a ke ɗaukarsu. Umurnin jerawa, ORDER BY, sau ɗaya a ke rubuta shi, a can ƙarshe. Har wa yau, UNION shi kaɗai ya kan share layukan da suka yi kama da juna ƙwaf, ya bar guda. UNION ALL kuwa ya kan bar su duka, ya kuma fi sauri tun da ba ya tsayawa tantancewa. Ga rahoton kwafi na biyun ya fi dacewa, gama ba ma so a ɓoye mana ko da layi ɗaya.

Tarkuna guda biyar

Akwai wuraren da masu wannan aiki su kan yi tuntuɓe, tambaya ta fito da amsa sumul amma ba daidai ba.

Na ɗaya, wurin sa sharaɗi. Ku sake duba tambayar nan ta sama, za ku ga sharaɗin harafin D yana layin ON. In aka sauko da shi layin WHERE, kwamfuta za ta gama haɗi tukuna, sa'an nan ta ce duk layin da ba shi da D ya fita. Layin Albashi kuwa gidansa fanko ne, sai ya fita. Kamar malami ne ya kira suna, sa'an nan ya goge sunan duk wanda bai amsa ba.

Na biyu, ninkuwar layuka. Ana iya raba babban kwafi guda cikin fayil da yawa, har 64. In an raba shi huɗu, littafi na uku zai ba shi layi huɗu. Wanda ya haɗa shi da na biyu ya tara girman kwafi, zai sami ninki huɗu na gaskiya. Maganin shi ne a yi tarin kafin haɗi.

Na uku, yadda wakili ya ke rubuta lokaci. Ba ya rubuta shi kamar kwanan wata sosai, lamba zalla ya ke sawa. Ranar 5 ga Maris 2024 ita ce 20240305. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ya kan zama 13000, gama sifilin farko ya faɗi. In kuma ya ce tsawon aiki 130, nufinsa minti ɗaya da daƙiƙa talatin, ba daƙiƙa ɗari da talatin ba. Sai an juya lambobin nan sun zama kwanan wata kafin a ɗora su a kan na littafin kwafi.

Na huɗu, nasarar da ba cikakkiya ba. Ga ko wane gudu, wakili ya kan rubuta layi don ko wane mataki, da layi guda mai lambar mataki 0 don aikin baki ɗaya. In an tsara cewa mataki ya faɗi a wuce na gaba, mataki na biyu yana iya faɗuwa, na ƙarshe ya yi kyau, a rubuta wa aikin duka nasara. Don haka a duba matakai, kada a tsaya ga layin jimla.

Na biyar, gajeriyar tunawa. In ba a sake tsarin da manhajar ta zo da shi ba, wakili layi 1,000 kawai ya ke riƙewa gaba ɗaya, kuma 100 ga ko wane aiki. Ku yi lissafi. Aiki mai mataki guda yana rubuta layi biyu ko wane gudu, watau gudu hamsin ya cika ɗari. In yana gudu ko wane minti goma sha biyar, cikin awa goma sha biyu da rabi tsohon labari ya fara gogewa. Faɗuwar daren Jumma'a ba za ta kai safiyar Litinin ba, sai an faɗaɗa wannan iyaka.

Bayan waɗannan akwai wani abu da ya shafe mu a ƙasar nan musamman, watau ɗaukewar wutar lantarki. In wuta ta ɗauke da tsakar dare, janareto bai tashi ba, kwamfuta ta mutu kafin ƙarfe ɗaya, to wakili bai yi aiki ba, bai kuwa rubuta ya faɗi ba. Littafinsa fes, littafin kwafi fes. Kiran suna ne kaɗai zai tona cewa daren ya wuce ba kwafi.

Abin da ya sami wani kamfani

Don kada a ce wannan tsoro ne na banza, ga labarin da ya auku, wanda su masu abin suka bayyana wa duniya da kansu. GitLab kamfani ne da masu rubuta manhajoji daga ƙasashe da yawa su ke ajiye aikinsu a wurinsa. Rumbunsu na wata manhaja ce dabam, PostgreSQL, amma darasin ɗaya ne. Ran 31 ga Janairu 2017, wani ma'aikacinsu yana gyara da dare, ya yi nufin goge bayanan kwamfuta ta biyu, ashe a kan ta farko ya ke. Kafin ya tsayar da umurnin, wajen gigabait 300 sun tafi.

Suka juya ga kwafinsu na ko-ta-kwana, suka tarar wurin ajiyar fanko ne. Ashe aikin kwafin yana ta faɗuwa, gama manhajar da ke yin kwafi tsohon bugu ce, 9.2, rumbun kuwa 9.6 ne. Kwamfuta tana aika saƙon imel cewa aiki ya faɗi, amma ana mayar da saƙon a hanya, ba ya isa ga kowa. Su kuwa da suka ji shiru suka ɗauka lafiya. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka yi da hannu don wata bukata dabam, wajen awa shida kafin hatsarin. Abin da aka shigar cikin awowin nan ya tafi: ayyuka wajen 5,000, da sharhi wajen 5,000, da sababbin masu rajista wajen 700.

Ku lura, ƙwararru ne, suna kuma da hanyoyin kwafi har biyar. Abin da suka rasa shi ne mai tambaya ko wace safiya: ina kwafin jiya, yaushe aka gama shi, nawa ne girmansa?

Rahoto mai amfani

Daga abin da ya gabata, ga yadda na ga ya kamata rahoto ya kasance. Ya fara daga rajista, ko wane rumbu ya sami layinsa. Mummunan labari ya hau sama, kada mai karatu ya bi layi hamsin na nasara kafin ya iske faɗuwa guda. Ya faɗi shekarun kwafi da awa ko kwana, gama "kwana 14" ya fi saurin tada hankali bisa kwanan wata zalla. Ya nuna girman kwafin jiya kusa da na shekaranjiya, domin rumbun da ya saba ba da gigabait goma in ya ba da ɗaya, akwai magana. Ya san tsarin ko wane rumbu: wanda aka sa a sassauƙan tsarin maidowa, SIMPLE, ba a yi masa kwafin kundi, don haka kada a zarge shi da rashinsa. Rajista tana faɗin tsarin ko wane. Kuma rahoton ya riƙa zuwa kullum, ko lafiya ko ba lafiya, a san wanda alhakin karanta shi ya ke wuyansa. Ran da bai zo ba, rashin zuwansa ya zama ƙararrawa.

Duk da haka rahoto yana da iyaka. Layi a littafin kwafi yana shaida cewa an rubuta fayil a daren, ba ya shaida cewa fayil ɗin yana nan har yau, ko yana karantuwa. Wani yana iya goge shi, layin ya zauna abinsa. Akwai umurnin RESTORE VERIFYONLY mai duba ko kwafi cikakke ne kuma yana karantuwa, amma tabbaci na sosai shi ne a ɗauki kwafin lokaci-lokaci a maido shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe a gani. Manhajar tana rubuta ko wace maidowa a jadawalin restorehistory na kwamfutar da aka yi ta, ana iya ɗauko wannan ma a ƙara wa rahoto gida guda: yaushe aka gwada na ƙarshe? Gani ya kori ji. Kada kuma a manta rumbun msdb da ke riƙe da littattafan nan shi ma yana bukatar kwafi, kuma kwafin da aka ajiye a faifai ɗaya da asalinsa tare za su ƙone.

'Yan'uwana, da yawa daga cikinmu za a tura mu makarantun da babu wani gwanin kwamfuta, ƙaramin malami ne za a miƙa wa makullin ofis. Waɗansunmu kuma wata rana za su zama shugabannin makarantu. Ba lalle ne kowa ya iya rubuta tambayoyin nan ba, amma kowa yana iya tambayar mai kula da kwamfuta abu uku. Rumbu nawa mu ke da su? Yaushe aka yi wa ko wane kwafi na ƙarshe? Yaushe aka gwada maido da shi? In ya kawo takarda mai amsa ukun nan, suna bayan suna, to makin yaranmu yana hannu nagari. In ya ce ai ba a taɓa samun ƙara ba, sai a roƙe shi cikin ladabi ya buɗe rajista ya kira suna.

A nan zan tsaya. Wanda ya ke so ya gwada tambayar nan da hannunsa, ya nemi izinin malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta tukuna. Karatu kawai ta ke yi, ba ta canja komai cikin rumbu.